Chardonnay: ƙauyen da sunansa ya fi ƙarfinsa

A kudancin yankin Burgundi na ƙasar Faransa, cikin jerin tuddan da ke yamma da kogin Saône, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Chardonnay wanda mazaunansa ba su wuce mutum 200 da 'yan kai ba. Garin Tournus ne kasuwarsa ta kusa, birnin Mâcon kuma yana kudu da shi, shi ya sa ake kiran duk wannan shiyya Mâconnais. Wannan suna na ƙauyen shi ne sunan wani irin farin inabi da ake yin farar giya da shi, wanda ƙididdigar ƙungiyar kula da harkar inabi ta duniya, OIV, ta nuna cewa a wajajen shekarar 2015 ya mamaye gonaki kimanin hekta 210,000 a faɗin duniya, daga Kalifoniya zuwa Ostiraliya, daga Italiya zuwa Afirka ta Kudu. Gonakin da doka ta amince su sayar da amfaninsu da sunan ƙauyen kuwa 'yan ɗaruruwan hekta ne kawai. Ko mai karatun da ba ruwansa da giya zai sami abin lura a nan, domin a zahiri magana ce ta noma da iri da dokar kasuwanci, da yadda sunan wuri yake suɓucewa daga hannun mutanen wurin.

Sau da yawa idan aka tashi bayanin alaƙar ƙauyen da inabin sai a taƙaita a ce a nan aka haifi Chardonnay, a wuce. Wannan magana ta cakuɗa tambayoyi uku waɗanda ƙarfin hujjarsu ba ɗaya ba ne. Akwai tambayar ko daga ƙauyen inabin ya samo suna, wadda amsarta ta fi kusa da tabbas. Akwai tambayar ko a ƙasar ƙauyen tsiron ya fara fitowa, wadda babu wata shaida da ta tsayar da ita. Sannan akwai tambayar ko ƙauyen yana da wani iko a kan sunan a yau, wadda amsarta ita ce kusan babu, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta.

Ƙauyen ya girmi sunan inabin nesa ba kusa ba. Ana samun ambatonsa a rubuce-rubucen ƙarni na 10, a zamanin da gidajen rahiban Kirista na Tournus da Cluny suke riƙe da filaye masu yawa a shiyyar, kuma masana sunayen wurare suna mai da shi ga kalmar Latin Cardonnacum, wadda wasu suka fassara da wurin da wata ciyawa mai ƙaya take yawa, wasu kuma suka ce gandun wani mutum ne mai suna Cardus. Ko wace fassara aka ɗauka, babu inabi a cikinta. Abin da ya haɗa su shi ne tsohuwar al'adar manoma ta kiran iri da sunan wurin da suka karɓo shi. Manomi ba ya tambayar inda iri ya fara tsira shekaru ɗaruruwa da suka shige, abin da ya sani shi ne gonar da aka yanko masa reshe. Ta haka jan inabin Gamay ya ɗauki sunan wata 'yar unguwa kusa da Saint-Aubin a Burgundi, Traminer ya ɗauki sunan Tramin a arewacin Italiya. Misalin da ya fi jan kunne shi ne na Chasselas, wanda shi ma sunan wani ƙauye ne a wannan shiyya ta Mâconnais, amma binciken ƙwayoyin halitta ya karkata ga cewa asalin irin daga kewayen tafkin Geneva yake. Ke nan ƙauye yana iya ba iri suna alhali zango kawai irin ya yada a cikinsa.

Ambaton inabin na farko da masana tarihin iri suka amince da shi ya zo ne tsakanin 1685 da 1690, kuma ba a ƙauyen Chardonnay aka rubuta shi ba. A Saint-Sorlin ne, garin da yanzu ake kira La Roche-Vineuse, kusa da Mâcon, inda aka rubuta cewa farar giyar da ta fi kyau a wurin daga wani iri ake yin ta mai suna Chardonnet. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ba ta wuce tafiyar yini ɗaya a ƙasa ba, kuma wannan kusanci shi ne babbar hujjar masu cewa sunan daga ƙauyen ya fito. Bayan nan an yi ta rubuta sunan yadda ya zo wa kowa a baki, wani ya rubuta Chardenet, wani Chaudenet, wani Chardenay. A sauran wurare ma ba a san shi da wannan suna ba sam. Mutanen Chablis da ke arewacin Burgundi suna ce masa Beaunois, wato na garin Beaune, a wasu sassan yankin Champagne na Faransa ana ce masa Épinette, a yankin Jura ana ce masa Melon, a kudancin Ostiriya kuwa har yau Morillon ake kiransa. Sai a taron masana irin inabi da aka yi a Chalon-sur-Saône a 1896 aka tsayar da rubutun Chardonnay. Ya kamata a lura da wannan da kyau: da masu taron sun zaɓi sunan da mutanen Chablis suke amfani da shi, da yau garin Beaune ne duniya take ambata a jikin kwalabe, ƙauyen kuma ya ci gaba da zama ɗaya daga cikin ƙananan ƙauyukan Mâconnais da ba wanda ya san su sai makwabta.

Akwai kuma wani ruɗani da ya daɗe yana lulluɓe irin, wato ɗaukarsa da aka yi a matsayin farin nau'in wani tsohon irin inabi na Burgundi mai suna Pinot, har aka shafe shekaru ana sayar da shi da sunan Pinot Chardonnay, musamman a Amurka. Masanin inabi Victor Pulliat ya raba su tun a rabi na biyu na ƙarni na 19, amma kuskuren bai mutu da wuri ba, domin itatuwan biyu suna kama da juna ƙwarai a gona. Alamar da masana suke dubawa tana gindin ganye, a daidai lungun da kara ya haɗu da ganyen. A ganyen Chardonnay, jijiyoyin ganye biyu na ƙasa su ne suke zama bakin lungun, tsirara, ba wani koren fatar ganye da ya rufe su, a ganyen Pinot fari kuwa akwai ɗan koren da ya raba jijiyar da bakin. Wannan ɗan bambanci da bai kai faɗin farce ba shi ne abin da aka dogara da shi shekaru da yawa wajen tantance abin da manomi ya dasa, kuma rashin lura da irin waɗannan alamomi ya sa a wasu ƙasashe an wayi gari an gano cewa gonakin da ake zaton Chardonnay ne wani iri ne daban. Hakan ta faru a Afirka ta Kudu, inda wasu rassan da aka shigo da su a ɓoye suka zama na wani iri mai suna Auxerrois.

Game da asali kuwa, an daɗe ana ƙawata labari. Wasu sun ce mayaƙan da suka dawo daga yaƙe-yaƙen Gabas ta Tsakiya ne suka zo da irin, wasu sun haɗa shi da wani farin inabi na Labanan, wasu ma sun nemo wa sunan tushe a harshen Ibrananci. Duk wannan ya rushe a 1999, lokacin da Carole Meredith da John Bowers na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da Jean-Michel Boursiquot da abokan aikinsa na Montpellier, suka buga sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta a mujallar Science. Gwajin ya nuna cewa Chardonnay ɗa ne ga iri biyu, Pinot da Gouais fari, kuma waɗannan iyaye biyu su ne suka haifi iri 16 da aka gano a wannan bincike, cikinsu har da Gamay da Aligoté da Auxerrois da Melon, wanda iri ne daban duk da cewa mutanen Jura suna kiran Chardonnay da wannan suna. Tun da dukan iyayen biyu an daɗe ana noma su kafaɗa da kafaɗa a gabashi da arewa maso gabashin Faransa tun tsakiyar zamanai, kuma 'ya'yansu duka a wannan yanki suka bayyana, to babu dalilin neman asalin a wata nahiya.

Sai dai gwajin iyaye yake faɗa, ba ya faɗin gona. Dalilin haka yana cikin yadda ake yaɗa inabi. Ba a shuka ƙwayar inabi idan ana son irin da aka sani, domin kowace ƙwaya sabon haɗi ce wadda ba za ta fito daidai da uwarta ba. Reshe ake yankowa a dasa. Wannan yana nufin cewa duk kurangar Chardonnay da ke duniya a yau, ta Chile da ta New Zealand da ta bayan cocin ƙauyen, ci gaba ce ta tsiro guda ɗaya tak wanda ya fito daga ƙwaya ɗaya, a wata rana, a gefen wata gona, wani manomi da ba a san sunansa ba ya ɗanɗana 'ya'yansa ya ga ya dace a bar shi. Wannan gona tana iya kasancewa a ƙauyen Chardonnay, tana iya kasancewa a kusa da Beaune ko a wani wuri dabam tsakanin Lyon da Champagne. Ƙwayoyin halitta ba sa ɗauke da adireshi, takardun wancan zamani kuwa sun fi damuwa da haraji da zakkar coci fiye da sunan iri.

Batun Gouais ya cancanci ɗan tsokaci, domin ya girgiza masu ganin cewa iri mai daraja daga iri mai daraja yake fitowa. Gouais inabin talakawa ne, mai yawan 'ya'ya, mai tsami, wanda ake dasawa a filayen da masu hali ba sa so, yayin da Pinot yake kan gangaren tuddai masu kyau a hannun sarakuna da rahibai. Hukumomi sun sha hana dasa shi, kamar yadda Philippe, basaraken Burgundi, ya ba da umarni a 1395 a tumɓuke Gamay daga gonakin ƙasarsa. A yau Gouais ya kusa ɓacewa daga Faransa. Masana suna ganin nisan da ke tsakanin jinin iyayen biyu ne ya ba 'ya'yansu ƙarfi, kuma hakan ya yi daidai da abin da masu kiwo da masu gyaran iri suka sani.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa shiyyar Mâconnais ba ta kasance ƙasar farin inabi tun fil azal ba. Har zuwa ƙarni na 19 jan inabin Gamay ne ya fi yawa a gonakinta, ana yin giya mai araha ana turawa birane ta kogi. Abin da ya juya al'amarin annoba ce. Ƙwaron filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka yana cin saiwar inabi, ya bayyana a Burgundi a 1875 a ƙauyen Mancey, wanda shi ma yana kusa da Tournus, wato a ƙofar gidan Chardonnay. Cikin shekaru kaɗan gonaki suka mutu, kuma ba a sami mafita ba sai ta hanyar aure, wato a ɗauki reshen inabin Turai a haɗa shi a kan gindin inabin Amurka wanda saiwarsa take jure ƙwaron, dabarar da aka halatta a Burgundi a 1887 bayan doguwar jayayya. Tun da dole ne a sake dasa kowace gona daga farko, sai manomi ya sami damar sake zaɓen iri. Rikicin farashi na farkon ƙarni na 20 ya tura ƙananan manoma suka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa a ƙarshen shekarun 1920, inda kowa yake kawo amfanin gonarsa a matse a wuri guda. Ƙauyen Chardonnay ya yi tasa ƙungiyar, wadda a 1994 ta haɗe da ta Lugny, ɗaya daga cikin mafi girma a duk Burgundi. A hankali, musamman bayan yaƙin duniya na biyu da kasuwar farar giya ta buɗe, farin inabi ya ture jan, har ya zama fiye da kashi huɗu cikin biyar na abin da shiyyar take nomawa. Saboda haka hoton da baƙo yake gani yau, na ƙauye kewaye da inabin da ke ɗauke da sunansa, sabon abu ne idan aka auna shi da shekarun ƙauyen.

Duk da haka akwai dangantaka ta gaske tsakanin irin da wannan ƙasa, kuma a gona ake ganinta. Tuddan Mâconnais na dutsen farar ƙasa ne gauraye da yumɓu, wanda yake tsane ruwa lokacin damuna ya kuma riƙe ɗan laima lokacin zafi, kuma Chardonnay yana son irin wannan ƙasa. Manoman shiyyar suna da salon aski nasu na kansu. A lokacin sanyi, bayan ganye ya zube, sukan sare kusan dukan rassan bara su bar dogo guda, sannan kafin tsiro ya fito su lanƙwasa shi kamar baka a kan waya, su ɗaure bakinsa yana kallon ƙasa. Ana yin aikin ne a ranar da akwai laima a iska, domin busasshen reshe karyewa yake yi a hannu. Hikimar ita ce, kurangar inabi takan tura ƙarfinta zuwa idanun da ke ƙarshen reshe ta yi watsi da na tsakiya, lanƙwasar kuwa tana rage gudun ruwan itacen har kowane ido ya sami rabonsa. Rauninsa shi ne saurin tsiro. Chardonnay yakan buɗe ido da wuri a farkon bazarar Turai, don haka dare ɗaya na sanyi mai daskarar da raɓa yana iya ƙone amfanin shekara. A farkon watan Afrilun 2021 an yi irin waɗannan darare a jere, manoma suka kwana suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunyoyi, amma duk da haka an yi asara mai yawa a faɗin Burgundi, kuma farin inabin ya fi jan inabin jin jiki.

Yanzu sai batun doka, wanda shi ne ya raba ƙauyen da sunansa. Tsarin da Faransa ta kafa a 1935, wanda hukumar da yanzu ake kira INAO take kula da shi, an gina shi ne a kan wuri. Doka takan shata iyakar yanki, ta faɗi irin da za a dasa, da yawan amfanin da hekta ɗaya za ta bayar, da yadda za a sarrafa shi, sannan ta ce ba mai amfani da sunan yankin sai wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa. Ta haka Pouilly-Fuissé ta sami kariya a 1936, Mâcon a 1937, Chablis a 1938. Duka waɗannan da inabin Chardonnay ake yin fararen giyarsu, haka ma Meursault da Montrachet, amma a al'adar Burgundi ba a rubuta sunan iri a kwalba, domin a wurinsu iri kayan aiki ne, ƙasa ce take da suna. Sunan iri kuwa doka ta bar shi a matsayin na kowa, kuma hakan yana da ma'ana, domin wanda ya sayi reshe ya dasa a gonarsa yana da haƙƙin faɗin abin da ya dasa. Matsalar ƙauyen ita ce, a lokacin da aka zo rabon kariya, kusan shekara 40 ke nan da masana suka riga suka mai da sunansa sunan tsiro.

Waɗanda suka ci moriyar wannan 'yanci su ne manoman sababbin ƙasashe. Iyalin Wente na Kalifoniya sun shigo da rassa daga Montpellier a 1912, kuma a 1936 suka fitar da giya mai ɗauke da sunan irin a kwalba. A lokacin masu giyar Amurka sun saba aron sunayen wuraren Turai, su kira kowace farar giya Chablis, sai ɗan kasuwa kuma marubuci Frank Schoonmaker ya matsa musu su koma kiran kayansu da sunan iri, wanda ba na aro ba ne. Abin ya ɗauki lokaci kafin ya kama. Ranar 24 ga Mayun 1976 ce ta sauya lissafi, lokacin da wani ɗan kasuwa ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasar ɗanɗano a Paris inda alƙalai Faransawa suka ba da maki ba tare da sanin abin da ke cikin kofi ba, kuma Chardonnay na 1973 na Chateau Montelena daga Kalifoniya ya zo na ɗaya a gaban fitattun giyar Burgundi. Daga nan aka shiga dasa irin ba ƙaƙƙautawa a Amurka da Ostiraliya da Chile, har a ita kanta Faransa, inda gonakinsa suka tashi daga hekta kusan 7,000 a ƙarshen shekarun 1950 zuwa sama da 50,000.

Abin da ya sa wannan iri ya yi tafiyar da sauran 'yan'uwansa ba su yi ba yana da nasaba da halinsa. Yana jure sanyin Champagne, yana kuma jure zafin cikin Ostiraliya, yana ba da amfani gwargwado ba tare da wahalarwa ba. Bugu da ƙari, ruwansa ba shi da wani ƙamshi mai ƙarfi na kansa, don haka yakan ɗauki abin da aka ba shi. A wuri mai sanyi yakan fito da tsami da kaifi, a wuri mai zafi da zaƙin 'ya'yan itace. Idan aka tsima shi a gangar katako, irin ta Burgundi mai cin lita 228, yakan ɗauki ƙamshin katakon, idan aka bar wasu ƙwayoyin cuta masu amfani suka tausasa tsaminsa sai ya yi ɗanɗanon man shanu, idan kuma aka ajiye shi a tankin ƙarfe, kamar yadda ake yi da mafi yawan na Mâconnais, sai ya fito garau. Mutanen Burgundi suna kafa hujja da wannan hali su ce irin madubi ne na ƙasa, masu sarrafawa na wasu ƙasashe kuma suna kafa hujja da shi su ce hannun mai yi ne yake magana. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya, amma ga ƙauyen sakamakon ɗaya ne: kalmar Chardonnay ta daina nuna wani ɗanɗano guda ko wata ƙasa guda. Lokacin da masu saye suka gaji da nau'in mai yawan katako a shekarun 1990 har suka fara guje wa sunan gaba ɗaya, ƙyamar ta shafi har waɗanda ba su taɓa yin irin wannan giya ba.

Daga ƙarshe sunan ya dawo gida, amma a matsayin baƙo. Ganin cewa mai saye a Landan ko New York sunan iri ya sani ba sunan ƙauyukan Faransa ba, sai yankin Languedoc ya fara sayar da giya da sunan iri daga 1987, sannan su kansu 'yan Burgundi suka fara ƙara kalmar Chardonnay a kwalaben giyarsu ta gama-gari. Shi kuwa ƙauyen, rabon da doka ta ba shi shi ne ya jingina sunansa a bayan na Mâcon, a matsayin ɗaya daga cikin wurare 27 da aka yarda su yi haka. Sunan Mâcon-Chardonnay ya ƙunshi gonakin ƙauyen da na Ozenay da Plottes da wani sashe na Tournus. Mafi yawan masu karanta wannan suna a kanti suna ɗaukar kalma ta biyu a matsayin sunan iri, ba sa sanin cewa wuri ake nufi. Abin dariyar shi ne, tun da wuri ake nufi, doka ta yarda a yi jar giya da inabin Gamay a waɗannan gonaki a kira ta Mâcon-Chardonnay.

Ana iya tambaya ko ƙauyen zai iya ƙwato sunansa, tun da an taɓa yin haka a wani wuri. A 2009 Italiya ta ga cewa sunan Prosecco, wanda a lokacin sunan iri ne, yana shirin zama na kowa, sai ta sauya wa irin suna zuwa Glera, ta faɗaɗa yankin da aka kare har ya haɗa da ƙauyen Prosecco da ke kusa da Trieste, ta ce daga yau kalmar sunan wuri ce. Dabarar ta yi aiki a cikin Tarayyar Turai, ko da yake manoman Ostiraliya da suka dasa irin da tsohon sunansa sun daɗe suna jayayya a kai. A ɗaya gefen kuma, ƙarfin sunan wuri da aka kare da wuri ya kai ga an hana wani ƙauyen Suwizalan mai suna Champagne sa sunansa a kan giyarsa daga 2004. Amma Chardonnay ya wuce wannan mataki. Italiya ta yi nata yunƙurin ne lokacin da kusan dukan gonakin irin suke cikin ƙasarta, a nan kuwa kashi uku cikin huɗu na gonakin suna wajen Faransa, kuma manyan masu amfana da sunan a cikin Faransa ba mutanen ƙauyen ba ne. Babu wata gwamnati da za ta tayar da wannan rigima saboda mutum 200.

Manoman albasa na Jamhuriyar Nijar sun san wannan matsala a aikace. Galmi, garin da ke kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa a jihar Tawa, ya ba jar albasarsa suna, irin ya bazu a Afirka ta Yamma har ya zama ana noma albasar Galmi a ƙasashen da manomansu ba su taɓa taka garin ba, kuma an kai ga wani kamfanin iri na waje ya nemi mallakar sunan. Nijar ta yi tsayin daka, daga baya kuma aka yi wa albasar rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedkwata a Yawunde, a matsayin kayan da ke da alaƙa da wuri. Tambayar da ke gaban masu wannan rajista ita ce wadda ta gagari ƙauyen Faransa, wato yadda za a bambanta albasar da aka noma a ƙasar Galmi da wadda aka noma da irin Galmi, alhali kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anonin biyu.

Abin da ya rage wa ƙauyen Chardonnay daga shaharar sunansa bai taka kara ya karya ba: baƙi masu tsayawa su ɗauki hoto a gindin allon shiga gari, da ɗan ciniki a shagon ƙungiyar manoma. Farashin gonakinsa da na giyarsa na Mâcon ne, ƙasa da na Pouilly-Fuissé wadda a 2020 aka ɗaga darajar wasu gonakinta 22, balle a kwatanta da Meursault. Nauyin dogaro da iri guda kuwa yana kansa dukansa. A 2011 aka gano wata cutar inabi mai suna flavescence dorée a arewacin Mâconnais, a kewayen Plottes, cikin yankin da ke ɗauke da sunan ƙauyen. Wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye ne yake yaɗa ta, kuma Chardonnay yana cikin irin da ta fi kamawa: ganye ya yi rawaya ya naɗe gefensa zuwa ƙasa, reshe ya ƙi yin ƙwari ya zauna kore yana lanƙwashewa, 'ya'ya su bushe a jikin itace. Ba ta da magani sai tumɓukewa, don haka aka tumɓuke gonaki, aka wajabta feshi da zagayen duba kunya-kunya, aka kuma tilasta tsoma sababbin dashe a ruwan zafi mai maki 50 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 45 kafin a kai su gona.

Ɗumamar yanayi ta ƙara wani nauyin. Tarihin ranakun girbi na Beaune, wanda aka tattara tun daga 1354, ya nuna cewa daga 1988 zuwa 2018 an riƙa fara tsinkar inabi kusan kwana 13 kafin lokacin da aka saba a ƙarnonin baya, kuma Mâconnais da ke kudu ta fi Beaune zafi. Iri mai saurin nuna a ƙasa mai ƙara zafi yakan tara sukari ya rasa tsamin da ake nema a farar giya. Manomin Kalifoniya da ya ga haka yana iya sare gonarsa ya dasa wani iri, ya sauya rubutun kwalba kawai. Manomin ƙauyen Chardonnay ba shi da wannan sauƙi, domin ƙa'idar yankinsa ta ce farar giyar da za ta ɗauki sunan wurin da wannan iri za a yi ta. INAO ta buɗe wata 'yar ƙofa a 'yan shekarun nan, inda ta yarda yankin da ya nema ya gwada wasu irin a kan abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 na gona ba, kuma kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ke cikin kwalba. A Burgundi dai an fi mai da hankali ga neman gindin aure mai jure fari da kuma zaɓo, daga cikin tsofaffin gonaki, rassan Chardonnay masu jinkirin nuna.